Amsoshin Tambayoyinku: Maganin ciwon daji da zafi ke buɗe shi

Mai gabatarwa: Masu saurare, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙu sun taru, agogo kuma ba ya jira. Likita, barka da zuwa.

Likita: Barka kadai.

Mai gabatarwa: Wani bawan Allah na tambaya ko ana ɗaukar ciwon daji ta hanyar zama da mai shi. Ba a ɗauka, malam, je ka duba ɗan'uwanka, ka daina leƙensa daga bakin ƙofa.

Sai wadda mutane da dama suka turo. Zan karanta ta wata baiwar Allah mai jinyar mahaifiyarta. Ta ce tun da aka fara yi wa tsohuwar allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, gashinta ya zube, amai ya ƙi tsayawa. Sai ta ji wai akwai maganin da ba ya aiki sai an ɗumama wurin da ƙarin yake. Gaskiya ne?

Likita: Allah ya ba Mama lafiya. Wannan tunani ai ya daɗe. Tun 1978 wasu masana a Amurka suka kawo shawarar, daga baya a Jami'ar Duke aka gyara haɗin, don shi kitse iri-iri ne, kowanne da zafin da yake narkewa...

Mai gabatarwa: Likita, 'yar'uwarmu ba jarrabawa za ta rubuta ba. Eh ko a'a?

Likita: (dariya) To, eh, amma da sharaɗi. Akwai maganin kemo mai suna doxorubicin. Yana da ƙarfi, sai dai ba ya bambance mai laifi da marar laifi: yana zubar da gashi, in ya yi yawa har zuciya yake taɓawa. Sai aka ce a ƙunshe shi cikin 'yan ƙananan ƙwayoyin kitse, ana ce musu lifosom. In ka jera dubu goma daga cikinsu, da ƙyar su kai milimita ɗaya. Zafin jikin mutum digiri 37 ne a ma'aunin Selsiyos, a nan ƙunshin yana rufe, yana ta yawo cikin jini. Da ya biyo ta inda aka ɗumama zuwa digiri 41 ko 42, sai bangonsa ya yi laushi, maganin ya tsiyaye cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita. Allurar a jijiya ake yi, kamar kullum. Maganin yana ƙunshe. Ƙarin kaɗai ake ɗumamawa, a nan kaɗai ƙunshin ke kwancewa.

Likita: Haka ake so. A aikace kaɗan yana zubewa a hanya, don haka illar ba ta ɓace gaba ɗaya.

Mai gabatarwa: Da me ake ɗumamawar?

Likita: Akwai na'urar da ke tattara igiyar sauti a wuri guda cikin jiki, kamar yadda gilashi ke tattara hasken rana, ba tare da an yanka fata ba. Akwai kuma siririyar allura da ake sokawa cikin ƙarin. A 2018 masana a Oksfod ta Ingila sun gwada ta sautin a kan mutum 10 masu ƙari a hanta, suka ga maganin ya taru a wurin fiye da ninki uku. Amma hanta akwai wuyar sha'ani. Tana motsi da numfashi, haƙarƙari yana tare sautin, jinin da ke gudana kuma yana kwashe zafin.

Mai gabatarwa: Ke nan ana samunsa a asibiti?

Likita: A'a. Wanda ya fi nisa, ThermoDox, an yi masa manyan gwaje-gwaje biyu a kan ciwon dajin hanta. Na farko bai cimma abin da ake nema ba a 2013, na biyu shi ma a 2020 aka ga ba zai kai ba. Bincike bai tsaya ba, amma yana matakin gwaji.

Mai gabatarwa: Kin ji, 'yar'uwa. Kada Mama ta bar kemonta. Maganar aman kuwa a gaya wa likitanta, akwai maganinsa.

Wani kuma ya ce shi tuni ya fara gasa wa matarsa wurin da tsumma da ruwan zafi. Haba malam! Wa ya aike ka?

Likita: Ya daina yau ɗin nan. Kemon da ake yi mata ba irin mai jiran zafi ba ne. Zafin tsumma kuma a fata yake tsayawa, ƙuna kawai zai ja mata.

Mai gabatarwa: Ni dai a ganina ƙauna ce ta sa ka, amma ajiye tsumman nan. Ta ƙarshe, wata ɗaliba ta ce zazzaɓi fa, ba zai buɗe ƙunshin a ko'ina ba?

Likita: Yarinyar nan ta iya tambaya. Zazzaɓi mai tsanani zai iya, shi ya sa ake auna zafin jikin mutum kafin a yi allurar. Wannan ma ya tuna min da...

Mai gabatarwa: Likita, ana ɗaga min hannu ta gilashi. Riƙe mana wannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.