Tabar Wiwi: Me Take Yi wa Jiki, Kuma Ina Maganin Yake?

"Ai ganye ne, magani ne, har likitocin Turai suna ba da ita." Wataƙila kun taɓa jin wannan magana a majalisar samari. Akwai ƙanshin gaskiya a cikinta, kuma wannan ƙanshin ne ke rudar yaranmu. Bari mu warware zare da abawa.

Sinadarai biyu ne suka fi shahara a cikin tabar wiwi: THC da CBD. THC shi ne mai bugarwa. A 1964 masana biyu, Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, suka ware shi a Isra'ila. A 1992 aka gano cewa jikin ɗan Adam ma yana sarrafa nasa sinadarin mai kama da shi, wanda ke taimakawa wajen daidaita yunwa, jin zafi da tunawa. Kun ga ke nan THC jabun makulli ne: yana shiga kwaɗon ƙwaƙwalwa ya buɗe ƙofa ba lokacinta ba.

Da an zuƙa, cikin 'yan mintoci zuciya ta fara bugawa da sauri, idanu su kaɗa su yi ja saboda jijiyoyin jini sun buɗe, baki ya bushe, yunwa ta taso. Ku lura da mai sha idan yana hira. Zai ɗauko zance, ya tsaya a tsakiya, ya yi shiru yana kallon ƙasa, ya manta inda ya dosa. Yanzu ku ɗora wannan mutum a kan babur, yaro ya gifta masa a titi. Daƙiƙar da zai taka birki ta riga ta wuce.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwaƙwalwar matasa, domin ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Cikin masu sha goma, kusan ɗaya kan kamu har ya kasa bari. Ga waɗanda suka fara tun suna samari, ɗaya ne cikin shida. Ran da wanda ya kamu bai samu ba, barci ya ƙaurace, abinci ya fita ransa, kowa a gida ya sha faɗa.

Sai batun taɓin hankali. A Suwidin an bi diddigin matasa kimanin 45,000 da aka ɗauka aikin soja har tsawon shekara 15, aka fitar da sakamakon a 1987. Waɗanda suka sha fiye da sau 50 sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau shida wajen kamuwa da sikizofireniya, ciwon da ke sa mutum jin muryoyin da babu su da zargin kowa. Ba kowane mai sha ke kamuwa ba, amma wanda ke da irin ciwon a danginsu yana wasa da wuta. Kuma abin na kusa da mu: binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a Najeriya sun kai miliyan 10.6.

To ina maganin? Yana nan, ba ƙarya ba ne. Tun 1985 Amurka ta amince da ƙwayar Marinol, mai ɗauke da sinadarin THC, don tsayar da amai ga masu ciwon daji da ke karɓar magani mai ƙarfi, daga baya aka ba masu cutar ƙanjamau da suka rame don buɗe musu ciki. A 2018 ta amince da Epidiolex don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara tun suna ƙanana. Wannan ruwan magani ne na CBD da aka tace, ba ya bugarwa, ba hayaƙi a cikinsa. Likita kan auna nauyin yaron, ya ƙayyade abin da uwa za ta zuƙo da sirinji safe da yamma, sannan a riƙa gwada jininsa don a tabbatar hanta ba ta taɓu ba.