Sharhi: Ranar 15 ga Afrilu da makiyayan Nebraska

Jama'a masu sauraro, yau sharhinmu ya leƙa gundumar Cherry ce a jihar Nebraska ta Amurka. Ƙasa ce ta tuddan yashi da ciyawa, mutanenta ba su kai dubu 6 ba, amma shanunta sun ninka su sau da yawa.

Da annobar korona ta rufe gidajen abinci da makarantu a 2020, gwamnatin Donald Trump ta sanar da tallafin dala biliyan 19 ranar 17 ga Afrilu. Biliyan 16 za su shiga hannun manoma da makiyaya kai tsaye, biliyan 3 kuma a sayi amfanin gona a raba wa mabuƙata. Daga 26 ga Mayu aka fara karɓar takardu a ofisoshin ma'aikatar noma na gundumomi. Kuɗin sun fito, sun kuma hana gonaki da dama durƙushewa, wannan ba abin musu ba ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda aka yi lissafin shanu. Wanda ya sayar da sa na turka tsakanin 15 ga Janairu da 15 ga Afrilu, an ba shi dala 214 a kan kowane kai. Wanda shanunsa ke tsaye a garke bayan wannan rana, dala 33 a kan kowane kai ya samu. To, yaushe kasuwar ta fi lalacewa? Sai a ƙarshen Afrilu da cikin Mayu, lokacin da cutar ta bazu tsakanin ma'aikatan manyan mayanka, har kamfanin Tyson ya dakatar da mayankarsa ta Dakota City a nan Nebraska. Shanu suka kai munzalin yanka babu inda za a kai su, kullum suna cin abinci, kullum darajarsu na faɗuwa. Mai wannan asara shi aka ba ɗan ƙaramin kaso.

Makiyayin Cherry kuwa, abin ya fi yi masa ciwo. Sana'arsa ita ce shanun haihuwa: a haifi maruƙa a bazara, ya yi ta fama da su cikin dare da ragowar sanyi, ya sayar a kaka. A watannin da aka ware, yawancinsu ba su da abin kai wa kasuwar gwanjo ta Valentine, hedikwatar gundumar. Wanda ya zana wannan iyaka a Washinton bai duba kalandar makiyayi ba. Daga baya an yi gyara, zagaye na biyu a Satumba ya ba da dala 55 a kan kai, ban da shanun haihuwa, aka kuma yi ƙari a 2021. Amma mai bashin banki ba ya jiran gyaran gwamnati.

Akwai kuma batun wa ya fi kwasa. Tunda da yawan kai ake biya, mai babban garke shi ne mai babban rabo. An sa iyakar dala dubu 250 ga mutum ɗaya, sai aka bar ƙofa ga kamfani ya kai dubu 750.

Abin da ya fi damuna shi ne, a daidai lokacin da makiyayi ke sayar da sa da asara, naman ya yi tashin gwauron zabi a kantuna. Kamfanoni huɗu, Tyson da JBS da Cargill da National Beef, su ke yanka kusan kashi 85 cikin ɗari na shanun turka a Amurka. Rahoton da ma'aikatar noma ta fitar a Yulin 2020 ya nuna cewa tazarar da ke tsakanin farashin sa a tsaye da farashin namansa ta kai matakin da ba a taɓa gani ba. Kuɗin masu biyan haraji sun toshe wani ɓangare na asarar makiyayi, amma ko dala ɗaya a cikinsu ba ta ƙara masa mai saye na biyar ba.