Matashin Kan Tangaran: Yadda Mutanen Sin Suka Yi Barci Shekara Dubu da Suka Wuce

Jama'a, ku dubi wannan abu da kyau. In aka ce ku canka, wani zai ce akwati ne, wani ya ce bulo ne da aka yi wa ado. To, matashin kai ne. Da yumɓu aka gina shi, aka gasa shi a wuta har ya yi tauri kamar dutse, kuma mutane sun ɗora kai a kansa sun yi minshari.

An fara yin irinsa a ƙasar Sin tun zamanin daular Sui, wajen shekara ta 600, amma kasuwarsa ta buɗe sosai ne a zamanin daular Song, daga 960 zuwa 1279. Dalilin farko zafi ne. Duk wanda ya taɓa barin katifa a daren bazara ya koma kan siminti ya san abin da suke nema. Na biyu kuma gashi: maza da mata suna tara suma su ɗaure ta, matashin yana tallafe wuya ne, gyaran kai bai lalace ba.

Akasarinsu aikin Cizhou ne, sunan wani yanki a lardin Hebei na yau. Yumɓun wurin ba fari ba ne, toka-toka ne, sai maginan suka samo dabara. Su shafe jikin kayan da ruwan farar ƙasa, sannan mai zane ya ɗauki buroshi ya zana da baƙin launi mai sinadarin ƙarfe. Wani kuma tsinke yake sa wa ya kankare farin, duhun da ke ƙasa ya fito ya zama fure. Hannun yana gudu, domin kayan kasuwa ne: kwanuka, tuluna, kwalaben giya. Ga yaro yana kamun kifi, ga agwagwa a ruwa, ga baitin waƙa. A ganina wannan saurin ne ya ba zanen rai, fiye da kayan fada da aka yi wa taka-tsantsan.

Ku lura da ɗan ramin nan a gefe. Cikin matashin fanko ne, ta nan iska mai zafi ke fita lokacin da ake gasa shi a wuta, in ba haka ba ya fashe. Ku juya ƙasansa kuma, sau da yawa akwai hatimi: aikin gidan Zhang. Tambarin kamfani ke nan tun wancan zamani.

An daɗe ana zaton na kabari ne kawai, tunda a kaburbura aka fi tono su. Sai labarin garin Julu, shi ma a lardin Hebei, ya fito. A 1108 Rawayen Kogi ya yi ambaliya ya binne garin cikin laka. Wajen 1918, ana fama da fari, manoma masu haƙa rijiya suka ci karo da gidajen. Aka tarar da kwanuka da matasan kai a cikin ɗakunan mutane, wasu da rubutun tawada a ƙasansu, sunan mai kayan ko shekarar da ya saya.