Motocin alfarma ƙirar jif a kan kwana: ina iyakarsu?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Duk wanda ya tsaya bakin titi a Gusau ranar wani babban ɗaurin aure ya san irin motocin da sharhinmu na yau ya dosa. Su ne dogayen nan masu sheƙi da muke haɗa su gaba ɗaya mu ce jif: Lexus RX, Mercedes ML da GLK da GLE, BMW X5, Acura MDX, jefi-jefi kuma a hango Porsche Cayenne. Akwai wani yabo da masu su suke yi musu, na ji shi a bakin 'yan kasuwa, na ji shi a bakin direbobin manya. Sai mutum ya ce maka motarsa tana riƙe ƙasa, ko a kan 140 ya sha kwana da ita ba ya jin komai. Batun riƙe ƙasa akwai gaskiya a ciki. Wannan rashin jin komai ɗin shi ne ya tsaya mini a rai.

Mu fara ba su haƙƙinsu. Waɗannan motoci ba jif ba ne irin na asali. Land Cruiser da Prado da Hilux ana ƙera musu shasi na ƙarfe mai kama da tsani, sannan a ɗora bodi a kai, domin an yi su ne don daji da ɗaukar wahala. Ita kuwa Lexus RX 300 da ta shiga kasuwar Amurka a 1998, shekara biyu bayan ƙirƙiro jiharmu ta Zamfara, bodinta da shasinta abu ɗaya ne, kuma daga ginin ƙaramar mota dangin Camry aka samo ta, aka ɗaga ta sama. BMW ya biyo baya da X5 a 1999, Porsche ya kawo Cayenne a 2002. Wannan gini ya sa sun fi tsohuwar jif sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba: ba sa tangaɗi sosai, sitiyarinsu yana amsa hannu da wuri. A 2021 wata Cayenne ta musamman ta zagaye filin gwajin Nürburgring na Jamus, mai tsawon kusan kilomita 21 cike da kwanoni, cikin abin da bai kai minti 8 ba. Motar da ta haura tan biyu ke nan. Don haka mai yabon motarsa ba ƙarya ya yi ba.

Su ma kuma ba halinsu ɗaya ba. Lexus taushi aka nema mata, tana shanye gargada, amma a kwana takan kwanta gefe ɗaya. X5 da Cayenne ƙafarsu ta fi tauri, suna tsayawa cak a kwana, sai dai da yawansu suna zuwa da manyan rim, inci 20 ko 21, da siririyar taya wadda rami ɗaya kan iya fasa ta ko ya lanƙwasa rim ɗin. A ganina, a hanyoyinmu rim mai inci 18 da taya mai kauri ya fi wa mutum alheri, ko da bai kai wancan kyan gani ba.

Sai dai duk fasahar maƙera, tsayi yana nan a matsayin tsayi. Yaron da ya taɓa tura baro ya san wannan, haka mai amalanken da ya jibga buhuna har sama: da zarar ka karya kwana, lodi yana neman ya wuce gaba abinsa, kuma iya tsayinsa iya yadda zai rinjaye ka. Nauyin jif ya tattaru a sama fiye da na ƙaramar mota, ga shi RX 350 tana kusan tan biyu, alhali Camry tana wajen tan ɗaya da rabi. Idan aka cika ta da mutum biyar, aka danƙara kaya a but, aka ɗaure wasu a kariya a kan rufi, an ƙara ɗaga nauyin sama ke nan. Ga wani lissafi da ya kamata kowane direba ya haddace: ƙarfin da ke tura mota waje a kwana ba daidai yake tafiya da gudu ba. Ka ninka gudu, shi ya ninka sau huɗu. Kwanar da ka sha lafiya a kan 60, idan ka zo mata a kan 120 tayoyinka za su yi aikin da ya ninka wancan sau huɗu, kuma a wannan gudun kana cinye mita 33 a kowace daƙiƙa.

Kwanakin baya na bi wani dattijo, aminin mahaifina, daga Gusau zuwa Talata Mafara a cikin irin wannan mota. Gilashi a rufe, sanyi yana ratsa jiki, karatun Alƙur'ani yana tashi a hankali, ko ruwan gorar da ke tsakaninmu ba ya motsi. Na ɗauka a kan 80 muke. Da na leƙa maleji sai na ga allura ta wuce 130. Bayan mun bar Maru muka shiga wata kwana, sai ga awaki sun ɓullo daga gefen gona. Ya ɗaga ƙafa daga totur ya murɗa sitiyari a lokaci guda. Na ji bayan motar ya yi sauƙi kamar zai riga gaba wucewa, wata fitila ruwan ɗorawa ta shiga ƙyaftawa a dashbod, aka ji wani ƙir-ƙir daga ƙasa, sai motar ta miƙe. Ya dube ni ya ce, "Ka gani ko, ɗana? Na ce maka tana riƙe ƙasa." Na ce, "Baba, Allah ya tsare mu dai, amma ƙwacewa ta yi aka kamo ta."

Abin da ya kamo ta, bayan kiyayewar Ubangiji, wata na'ura ce da ake rubuta sunanta VSC a Toyota da Lexus, ESP a Mercedes, DSC a BMW. Kamfanin Bosch da Mercedes suka fara sa ta a mota a 1995. Kwamfutar mota tana lura da inda ka juya sitiyari, da gudun kowace taya, da yadda jikin motar yake juyawa. Idan ta ga inda ka nufa daban, inda motar ta nufa daban, sai ta rage wa inji ƙarfi ta taka birkin taya ɗaya tak. In baya ne ya zame, ta kama tayar gaba ta wajen kwana. In gaba ne ya ƙi juyawa, ta kama tayar baya ta ciki. Babu direban da zai iya wannan da ƙafarsa, komai daɗewarsa a hanya. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta ƙiyasta cewa na'urar za ta hana kashi 84 cikin 100 na kifewar jif a haɗarin da mota ɗaya ta yi ita kaɗai, shi ya sa aka wajabta ta a kan sababbin motoci a can daga ƙirar 2012, Turai ma ta wajabta a 2014.

Don a san yadda dogayen motoci suka dogara da ita, a tuna abin da ya faru a watan Afrilun 2010. Mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gwada sabuwar Lexus GX 460, ta shiga kwana da gudu aka ɗaga ƙafa daga totur, sai bayanta ya zame sosai kafin na'urar ta farga. Mujallar ta ce kada a saya. Toyota, kamfanin da ke ƙera Lexus, ya dakatar da sayarwa, ya gyara manhajar na'urar, sannan aka janye gargaɗin. Sabuwa fil ke nan, da sababbin tayoyi, a kan kwalta mai kyau, jinkirin ƙiftawar ido kawai ya jawo haka.

To mu dawo gida. Mafi yawan waɗannan motoci a wurinmu na hannu ne, tokumbo, wasu sun shekara goma sha biyar ko fiye. Shiga cikin goma ka duba dashbod, za ka tarar da wasu fitilar VSC ko ta ABS, wato na'urar da ke hana birki kulle taya, tana kunne dare da rana. A yawancin Toyota da Lexus na waɗannan shekaru, fitilar inji kaɗai idan ta kama takan kashe VSC tare da ita. Mai mota ya je gareji, a ce masa ai ba komai, tunda tana tafiya. Wani ma a cire ƙwan fitilar ko a liƙe ta da baƙin salatif kafin a kai motar kasuwa. Wanda ya saya yana tuƙi da gaba gaɗi irin na mai na'ura, alhali na'urar ta daɗe da mutuwa. Haka batun ƙafa: shokozoba ta zubar da mai, bushin ya cinye, ƙarfen sitabilaiza da ke hana mota kwanciya a kwana ya fara ƙara, sai a kwance shi a jefa a but a ce ai ƙarar ta daina. Wannan ƙarfen shi ne yake ɗaure ƙafar hagu da ta dama don kada motar ta rinjaya.

Akwai kuma ruɗun da rubutun AWD ko 4MATIC yake jawowa. Jan taya huɗu yana taimako wajen tashi da fita daga yashi ko laka. Ba ya rage nisan da birki zai tsayar da kai, kuma idan tayoyi suka saki ƙasa a kwana, duka huɗun suke saki. RX da yawa da ake shigo da su ma tayoyin gaba kaɗai ke ja, mai ita bai sani ba.

Nan muka iso ga taya, kuma a nan nake so mai sauraro ya ƙara kasa kunne. Duk tan biyun nan, da kujerun fata da kwamfuta, abin da ya haɗa su da ƙasa fili huɗu ne, kowanne bai fi tafin hannu ba. Na tsaya wurin wani mai faci a Tudun Wada ina kallo yana ba wata jif iska. Ya ɗora geji, allura ta kai 50, ya ƙwanƙwasa tayar da sifana ya ce wa mai ita, "Ranka shi daɗe, babbar mota sai da iska." Da mai motar ya buɗe ƙofar direba ya duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, da ya ga abin da maƙera suka rubuta, wanda ga yawancin irin waɗannan motoci talatin da 'yan kai ne. Lambar da ke jikin taya iyaka ce, ba ita ce ma'auni ba. Iska ta yi yawa, tsakiyar taya kaɗai ke taɓa ƙasa, mota ta riƙa tsalle a kan gargada. Ta yi kaɗan, taya ta ɗau zafi, a ranar Afrilu da zafi ya haura digiri 40 tana iya fashewa. Sannan a duba shekarunta: lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT, misali 2319, na nufin mako na 23 a shekarar 2019. 'Yan rod sefti suna ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda ta gama aiki. Abin takaici ne a ce mutum ya kashe miliyoyi a kan mota, sannan ya sa mata tayoyi huɗu na hannu daga kamfani huɗu daban-daban.

Ita kifewa kuma ba kasafai take faruwa a tsakiyar kwalta ba. Alƙaluman Amurka sun nuna kusan kashi 95 cikin 100 na motocin da suka kife su kaɗai, wani abu ne ya taɗe su: taya ta faɗa gefen titi, ko ta nutse a ƙasa mai taushi, ko ta daki wani abu. Wanda ya san hanyoyinmu ya san yadda ruwan damina yake zaizaye bakin kwalta ya bar gaɓa, da yadda yashi yake taruwa a kan kwana daidai inda ake bukatar riƙo. Taya biyu su sauka, direba ya firgita ya fizgo sitiyari don ya hau, doguwar mota ta yi adungure. Abin yi a nan shi ne a riƙe sitiyari a miƙe, a saki totur a hankali, a bar gudu ya sauka, sannan a hau kwalta sannu. Ita kwana kuwa tun kafin a shige ta ake taka mata birki, lokacin da mota take miƙe, a ratsa ta da gudu ɗaya, sai an hango mafita a ƙara wuta.

Na san abin da wani zai ce, kuma ba zan raina shi ba. Mai bin hanyar Tsafe zuwa Funtuwa, ko ta Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi, ba don nishaɗi yake gudu ba. Tsoron 'yan bindiga ne yake danna masa totur, kuma duk wanda ya rasa ɗan'uwa a waɗannan hanyoyi ba zai zarge shi ba. Ni ma idan na wuce Kwatarkwashi addu'a nake har in isa. Amma dokar hanya ta ƙasarmu ta sa wa motar gida iyakar 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen titi, kuma ko an ajiye batun doka, motar da ta kife a tsakiyar daji ta bar iyalinka a wurin da kake gudun tsayawa. Inda hanya take miƙe kana hangen nesa, hukuncinka ne. A kwana dai a sassauta, kuma kowa ya ɗaura bel, har na kujerar baya, domin a kifewa wanda mota ta watso waje shi ne ya fi shiga haɗari.

Shi dattijon da na ba ku labari, da muka isa Talata Mafara na roƙe shi ya kashe motar ya sake murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba. Fitilun dashbod suka kama gaba ɗaya, har da ta ABS da ta na'urar nan mai hoton mota a kan karkatattun layuka. Ya tayar, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Haka ake so a gani. Wadda ta ƙi kamawa tun farko, to an taɓa ta. Muka zagaya muka duƙa wajen tayoyin baya, ya goge ƙura da gefen babbar rigarsa yana karanto mini lambobin. Ta hagu 2016 ce, ta dama 2014.