Sharhi: Wanda Aka Nuna Wa Bindigar Roba

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Akwai kalmar da takan fito daga bakin wanda aka kama ya tsorata mutum da bindigar bogi, ko daga bakin danginsa in sun zo neman sassauci: “Ai roba ce.” A faɗe ta gaban 'yan sanda, a maimaita ta gaban alƙali, kamar ita kaɗai ta isa ta wanke laifi. Ni kuwa duk sanda na ji ta, hankalina yakan koma kan wanda ba a cika tambaya ba, wato mutumin da aka ɗora wa abin a ƙirji.

Ku ɗan tsaya inda ya tsaya. Dare ya yi, ka tashi daga aiki, kana laluben mabuɗi a aljihu, ƙaramin ɗanka na riƙe da gefen rigarka. Sai wani ya ɓullo daga duhu ya miƙo hannu, da baƙin abu mai baki da kunama, ya ce ka durƙusa. Me za ka duba? Ba a hannunka yake ba balle ka ji nauyinsa, ba ka taɓa shi ba balle ka ji sanyin ƙarfe. Abin da idonka ya kama shi ne ramin nan na bakinsa da yatsan da ke kan kunama. Yawun bakinka ya ƙafe, gwiwa ta saki, kana jin bugun zuciyarka har cikin kunne, fatanka ɗaya kada ya juya bakin abin wajen yaron. Cikin daƙiƙa talatin ka riga ka sallama rai. To, washegari a kira ka a nuna maka shi a kan tebur, an ɓalle shi gida biyu, a ce duba, ko harsashi ba ya shiga. Abin da ya same ka jiya dai ya riga ya same ka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Akwai waɗanda sukan yi watanni ba sa iya bin hanyar da aka tare su, barci ya ƙaurace musu, ko ƙofa aka buga sai su zabura.

Likitoci sun san razana tana taɓa zuciya kai tsaye. A 1990 likitocin Japan suka bayyana wani ciwo da suka sa wa suna takotsubo: mummunan firgici ya sa jiki ya kwararo sinadaran tsoro da yawa, har ɗakin hagu na zuciya ya kumbura ya kasa harba jini yadda ya kamata, mutum ya faɗi alhali jijiyoyin zuciyarsa ba su toshe ba. An fi ganinsa ga mata masu manyan shekaru. Galibi ana warkewa, amma yakan yi kisa.

Shi ya sa ƙasashe da dama suka daina tambayar me aka ƙera abin da shi, suka koma tambayar me aka yi nufin sa wa mutum a zuciya. Dokar bindigogi ta Birtaniya ta 1968 ta fassara bindigar bogi da cewa duk wani abu ne mai kamannin bindiga, ko yana iya harbi ko ba ya iyawa. A 1994 aka ƙara mata sashe wanda ya ce duk wanda ya riƙi bindiga, ta gaske ko ta bogi, da niyyar sa wani ya gaskata za a cutar da shi, zai iya shan ɗaurin shekara 10. In kuwa ya ɗauke ta ne don aikata babban laifi, ko don hana a kama shi, hukuncin na iya kaiwa ɗaurin rai da rai. A Kanada, amfani da bindigar bogi wajen aikata babban laifi laifi ne mai zaman kansa, ɗaurinsa na iya kaiwa shekara 14. A jihar Kalifoniya ta Amurka, ko mutum bai ƙwaci komai ba, zare ta kawai da barazana har mai hankali ya ji tsoro, mafi ƙarancinsa kwana 30 ne a gidan yari.

Hujjar da ta fi kama ni ita ce wadda Kotun Ƙolin Amurka ta kawo a 1986. Wani mutum ne ya yi fashi a banki a birnin Baltimore da bindigar da babu harsashi ko ɗaya a ciki, lauyoyinsa suka ce ai wannan ba za a kira ta makami mai haɗari ba. Alƙalai tara baki ɗaya suka ƙi. Cikin dalilansu akwai cewa nuna bindiga yana jefa tsoro a zukatan mutane, wannan tsoron kuma nan take yana iya jawo martani na ƙarfi. A 1989 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta bi wannan sawu ta ce bindigar wasa ma haka take.

Ku lura da wannan batu na martani, don nan ne rayuka suke salwanta. Mai gadi da ke bakin ƙofa ba shi da lokacin bincike. Ɗan sandan da aka kira ba shi da shi. Su tasu bindigar ta gaske ce, kuma harsashin da ya fita ba ya zaɓen wanda zai samu: mai barazanar, ko wanda ake yi wa, ko mai wucewa da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wanda ya zare bindigar roba cikin jama'a, ya gayyato harsashin gaske ne, kuma ba shi kaɗai zai karɓi baƙon ba.

Abin takaici, har wanda bai yi nufin cutar da kowa ba wannan kamannin yana cinye shi. Ranar 22 ga Nuwamba, 2014, a birnin Cleveland, wani yaro ɗan shekara 12, Tamir Rice, yana wasa da bindigar bogi a filin shaƙatawa. Wanda ya buga wa 'yan sanda waya ya ce mai yiwuwa ta wasa ce, mai yiwuwa kuma yaro ne, amma wannan bayanin bai isa kunnen waɗanda aka tura ba. Cikin kamar daƙiƙa biyu da tsayawar motarsu aka harbe shi, washegari ya cika. Yaron nan ba ɗan fashi ba ne, kuma ba na kawo shi don in wanke wanda ya yi harbin. Na kawo shi ne don mu ga yadda tazarar take tsakanin ganin abin da tashin harsashi: daƙiƙa biyu.

Yanzu bari mu ba wa ɗaya ɓangaren haƙƙinsa, don suna da magana. Sukan ce kama da wane ba ta wane. Wanda ya zo da roba ba zai iya harbin kowa ba ko da ya so, wanda ya zo da ƙarfe mai harsashi kuwa yatsa ɗaya ne tsakaninsa da kisan kai. Wasu masana shari'a suna ƙarawa da cewa in aka daidaita hukuncin biyun tsaf, an cire wa ɓarawo dalilin barin ta gaske a gida, tunda duk ɗaurin ɗaya ne. Wannan magana ce mai nauyi, kuma na yarda da rabinta. Alƙali ya duba bambancin a lokacin yanke yawan shekaru, wannan adalci ne. Inda na rabu da su shi ne a mai da bambancin ya zama dalilin sallama, ko a sauko da laifin ya koma kamar rigimar yara. Wanda ya zaɓi abin da ya fi kama da bindiga, ya goge fentinsa, ya jira duhu, ya san sarai abin da yake so a gaskata. Da ƙaryar ba ta ci ba, da bai samu komai ba. Ba daidai ba ne ya ci ribar ƙaryar a kan titi, sannan ya zo kotu ya nemi gaskiyar da ya ɓoye ta cece shi.

Doka kanta takan yi tuntuɓe a wannan iyaka. A 2005 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, waɗanda a lokacin su ne kotun ƙarshe, suka saurari shari'ar da ake kira ta Bentham. Mutumin ya shiga gidan tsohon maigidansa, ya cusa hannu cikin riga, ya turo yatsu suka yi tsini kamar bakin bindiga, ya ce a ba shi kuɗi da kayan ado ko ya yi harbi. Alƙalan suka soke laifin mallakar bindigar bogi, suka ce hannun mutum jikinsa ne, ba wani abu ne daban da za a ce ya mallaka ba. Laifin fashi dai ya tsaya a kansa. A Jamus ma, a 1996, babbar kotun tarayya ta duba shari'ar wata mata da ta danna wa mai karɓar kuɗi sandar man leɓe ta Labello a baya, ta ce wannan bai kai a lissafa shi cikin fashi mai tsanani ba, tunda ko a ido abu ne marar cutarwa. Ta fuskar rubutun doka, alƙalan suna da hujja. Amma wanda aka tsorata da yatsu a cikin riga, da wadda ta ji abu mai tauri a bayanta, tsoron mutuwa suka ji cikakke. Wannan giɓi ne da 'yan majalisa ya kamata su toshe, su rubuta ƙarara cewa riya riƙe bindiga don tsorata mutum laifi ne ko da me aka riya.

Masu ƙerawa da masu sayarwa su ma suna da kaso. Tun 1988 dokar Amurka ta wajabta sa alama mai launin ruwan goro a bakin bindigogin wasa, amma ɗan murfi ne da ake ɓalle shi ko a shafa masa baƙin fenti cikin minti ɗaya, kuma wadda Tamir ya riƙe ba ta da shi. Birtaniya ta fi matsawa a 2006, ta haramta ƙerawa da shigowa da sayar da masu kama da ta gaske sak, ban da wasu buƙatu irin na fim da gidajen tarihi. Jamus ta hana yawo da su a bainar jama'a a 2008. Yaro ba ya buƙatar abin wasan da ko soja sai ya juya shi a hannu kafin ya gane. Mai launi mai haske ma ta ishe shi murna.

Sai kuma sabon salo, masu tare mutane da bindigar bogi suna ɗaukar bidiyo don neman mabiya, in mutum ya gama kaɗuwa su nuna masa kyamara su ce wasa ne. A farkon 2019 YouTube ya haramta irin wasan da ke sa mutum ya ɗauka rayuwarsa na cikin haɗari, amma a Musulunci hanin ya daɗe da zuwa. Abu Dawud ya ruwaito cewa a wata tafiya, wani sahabi ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiyarsa, ya farka a firgice, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce bai halatta Musulmi ya tsorata Musulmi ba. A kan igiya ke nan.

Abu na ƙarshe da ke ci mini tuwo a ƙwarya, mu ne muke yin sa, mu 'yan kallo. Da zarar an ji cewa ta roba ce, sai dariya ta koma kan wanda aka tare. “Kai, da abin wasan yara aka karɓe maka waya?” “Da ni ne da na murɗe hannunsa.” Mai faɗin haka yana faɗa ne da rana tsaka, bayan an gama bincike. Wanda ya miƙa abin hannunsa ya tsira da ransa da na ɗansa, daidai ya yi, kuma shawarar da jami'an tsaro ke bayarwa ke nan: duk abin da aka nuna maka da sunan bindiga, ɗauke shi a matsayin ta gaske, kada ka gwada. Dariyar nan kuwa tana da illa, don ita ke sa wani ya haɗiye abin da ya same shi, ya ƙi kai ƙara, ya ƙi zuwa ba da shaida. Shi kuma mai robar ya mai da ita aljihu, ya jira dare ya sake yi.

A nan za mu dakata. Mu kasance lafiya.