Wasa Biyar Kacal An Ce A Kori Koci: Me Ya Kamata Mu Duba?

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da wannan lokaci.

Duk mai zuwa gidan kallo a Kaduna, a Tudun Wada ne ko Kawo ko Rigasa, ya san yadda watan Satumba yake. Kakar ƙwallo ba ta wuce wasa huɗu ko biyar ba, amma alƙalin wasa na busa tashi, kafin a kashe janareta an gama yanke hukunci: "Wallahi kocin nan bai iya ba, a kore shi!" A benci na gaba kuma wani na rantsuwa kofin bana nasu ne, don sun ci wasa huɗu a jere. To yau mu zauna mu duba, me makin farkon kaka yake gaya mana game da koci, me kuma yake ɓoye mana?

Mu koma watan Agustan 2021. Brentford ta ci Arsenal 2-0, Chelsea ta ci ta 2-0, Manchester City ta zuba mata biyar ba ko ɗaya. Wasa uku, ba maki, ba ƙwallo ko guda a ragar kowa, tana can ƙasan teburi, ko'ina sai kiran a sallami kocin Arsenal, Mikel Arteta. Amma ku dubi waɗanda ta haɗu da su. Chelsea ce ke riƙe da kofin Zakarun Turai a lokacin, City kuma da kofin Firimiya. A wasan Brentford babu 'yan wasan gabanta Aubameyang da Lacazette saboda korona, a wasan City kuma an bai wa ɗan wasanta Xhaka jan kati tun kafin hutun rabin lokaci. Kakar ta ƙare Arsenal tana ta biyar, wadda ta biyo baya tana ta biyu da maki 84. Saboda haka kafin ka ƙirga maki, fara tambaya: da wa aka buga, a gidan wa, kuma su wa suka fita fili?

Abu na biyu ya fi wannan zurfi. Ƙwallon ƙafa wasa ne da ba a cin ƙwallo da yawa, shi ya sa sa'a take da babban rabo a cikinsa. Ƙwallo ta daki turke ta faɗa ciki, maki uku. Ta daki turken ta dawo fili, an tashi ba komai. Kocin bai canza ba, atisayen da aka yi duk mako bai canza ba, amma gobe labari biyu daban za ka ji a majalisa. A cikin wasa 38 na kaka guda irin wannan yakan daidaita kansa. A cikin wasa biyar kuwa bai samu lokaci ba.

Don haka masu nazarin ƙwallo suka fito da ma'aunin da ake kira xG, wato ƙwallayen da ya kamata a ce an ci bisa ingancin damar da aka samu. Ana ɗaukar kowane bugu a kwatanta shi da dubban irinsa da aka taɓa yi: daga ina aka buga, da ƙafa ko da ka, mutum nawa ne a gabansa. Fenareti, misali, kusan uku cikin huɗu ke shiga. Bugun nesa daga wajen da'ira kuwa, sai a yi da yawa kafin ɗaya ya shiga. Idan ƙungiya tana samun dama masu kyau kowane mako, abokan karawarta ba sa samun irinsu, to ko ba ta ci yau ba, cin yana tafe.

Borussia Dortmund ta Jamus ita ce babban misali. A farkon Fabrairun 2015 ita ce ta ƙarshe a teburin Bundesliga, ana cewa kocinta Jurgen Klopp ya ƙare. Masu nazari na Liverpool, ƙarƙashin Ian Graham, suka bi wasanninta suka ga damar da take samu ta manyan ƙungiyoyi ce, raga ce kawai ta ƙi karɓa. Dortmund ta farfaɗo ta gama ta bakwai, a watan Oktoban shekarar Liverpool ta ɗauki Klopp.

Ku kuma juya abin, domin nasara ma tana ruɗi. A 2008 Hull City, sabuwar hawa Firimiya ƙarƙashin koci Phil Brown, ta samu maki 20 a wasa tara na farko, har ta je Emirates, filin Arsenal, ta ci ta 2-1. Ƙwallon da Geovanni na Hull ya farke da ita ran nan, daga nesa ya ɗaɗa ta ta wuce kusurwar sama. Abin sha'awa ce, amma ba a gina kaka a kan irinta. A sauran wasa 29 maki 15 kacal suka ƙara, sai a ranar ƙarshe suka tsira daga faɗawa.

Sai dai a yi hattara, kada "ai mun yi wasa mai kyau" ta zama mafakar kowane koci. Riƙe ƙwallo kashi 70 cikin ɗari, 'yan baya suna miƙa wa juna a gaban golansu, wannan ba wasa mai kyau ba ne. Kuma ba sai kana da alƙaluma za ka gane ba, idonka ya isa. In an ƙwace musu ƙwallo, duba daƙiƙa biyar na farko: sun taru sun matsa, ko kowa ya tsaya yana ɗaga hannu? Duba wa ake yabo bayan wasa. In kowane mako golanku ne gwarzo, ko kuna ci akwai matsala a ƙasa. Abin da ni na fi sa wa ido shi ne maimaita kuskure. In an ci ku da bugun kwana a turken kusa wannan makon, aka sake ci a wuri ɗaya mako mai zuwa, da wanda ke biye, to wannan ba rashin sa'a ba ne, aikin koci ne da bai yi ba, kuma ya cancanci a tuhume shi ko da wasa huɗu aka buga.

Mu dawo gida. A gasarmu ta Najeriya an saba jin shugabannin ƙungiya sun bai wa koci wa'adin wasa uku, ko ya ci ko ya tattara kayansa. Abin nan yana ci mini rai. Kowa ya san yadda cin wasa a waje yake da wuya a gasar nan, ga doguwar tafiya a mota, 'yan wasa su kwana a hanya su shiga fili ƙafa a kumbure, wani lokacin ma ana bin ƙungiya albashi. In biyu daga cikin ukun nan a waje suke, jadawali aka auna, ba koci ba. Ni a ganina a bar shi ya kai wasa goma, ya buga gida da waje, da manya da ƙanana, sannan a zauna da bidiyon wasannin a ƙirga damar da ya samar da wadda ya bari aka samu a kansa.