Sharhi: Yadda Ake Auna Tafiyar Kogin Ƙanƙara Daga Sararin Samaniya

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Mu da ke Sakkwato mun fi sanin ƙanƙara a cikin kula, amma a tsaunukan Pakistan da Alaska akwai ƙanƙarar da ta taru shekara da shekaru har take malalowa a hankali kamar kogi. Yawancinta ba ta cin mita 1 a rana. Wata kuwa sai ta yi shekaru a kwance, rana tsaka ta zabura. Ruwan da ya narke ne ke maƙalewa a ƙarƙashinta ya ɗaga ta, kamar kwalekwalen da ya kafe a yashi ruwa ya zo ya taso shi.

Haka kogin ƙanƙara na Shisper da ke yankin Hunza na Pakistan ya yi a 2018. Ya tare hanyar wani rafi, tafki ya taru, kuma a watan Mayun 2022 ruwan ya ɓalle ya tafi da gadar Hassanabad.

To yaya ake aunawa? Ana ɗauko hotuna biyu na wuri ɗaya daga tauraron ɗan'adam, a ce Sentinel-2, wanda kowane ɗigo a hotonsa mita 10 ne a ƙasa. Kwamfuta ta nemi wata tsaga ko dutse a hoton farko, ta lalubo inda ya koma a na biyu. In ya gusa ɗigo 5 cikin kwana 10, mita 50 ke nan, wato mita 5 a rana.

Wahalar tana wajen zaɓen tazarar kwanaki. Ƙanƙarar da ke cin santimita 20 a rana, mita 1 kacal za ta yi a kwana 5, kuma wannan bai fi kuskuren na'urar ba, don haka sai an jira watanni. Mai zabura kuwa, in aka jira watanni tsagoginta sun sauya kamanni, kwamfuta ba za ta gane su ba. Sannan dole a fara auna duwatsun gefe da ba sa motsi. In lissafi ya nuna dutse ya yi tafiyar mita 8, hotunan ne ba su hau kan juna daidai ba, a cire wannan daga sakamakon. Wanda ya tsallake matakin nan aikin banza ya yi. Gajimare da sabon zubin ƙanƙara kan rufe komai, sai a koma ga Sentinel-1, wani tauraron mai amfani da na'urar radar, wanda ke gani cikin dare da hadari.

Hotunan nan kyauta suke a intanet, kuma da dabarar nan ake bin tafiyar tudun rairayi da sauyin gaɓar kogi. Ya kamata ɗalibanmu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su gwada ta a kan gulbin Rima, wanda ya yi mana ambaliya a 2010. Sai dai su guji hotunan lokacin hazo, su haɗa na wata ɗaya a shekaru daban-daban domin inuwa ta zo iri ɗaya.